Kayan tarihi da yawon buɗe ido a Biyetnam: ina rabon mutanen gari?

Tambaya: Ana yawan kawo misali da Biyetnam idan ana maganar ƙasashen da ke cin moriyar kayan tarihinsu ba tare da sun lalata su ba, har a ce mutanen gari na da hannu a ciki. Yaya tsarin yake a aikace? Kuma da gaske kuɗin yana kai wa ga talakan da ke zaune a wurin?

Amsa:

Malam, a wasu wurare yana kaiwa, a wasu bai kai ba. Duk inda aka ayyana wuri a matsayin abin tarihi, akwai wanda ake ɗora wa nauyin kare shi: mai gidan da aka hana ya ɗora bene, masuncin da aka hana jefa koma a wani sashe na teku, mai saran itacen da aka rufe wa daji. Abin da za ka duba shi ne ko wannan mutumin, shi da kansa, an yanka masa kason da zai iya lissafawa, kuma ko ana jin ta bakinsa lokacin da ake kafa doka. Da wannan ma'aunin za ka gane dalilin da ya sa garuruwa biyu a ƙasa ɗaya, ƙarƙashin doka ɗaya, ɗaya ya yi arziki da tarihinsa, ɗayan kuma mutanensa suka rubuta takarda suna roƙon a karɓe musu lambar girman da aka ba su.

Hoi An ne wurin da aka fi daɗewa ana gwada abin, don haka can zan fi tsayawa. Tsohuwar tashar jiragen ruwa ce a bakin kogin Thu Bon, a tsakiyar ƙasar, inda fatake daga Sin da Japan da Turai suka yi ta hada-hada tsakanin ƙarni na 15 da na 19. Da yashi ya cushe bakin kogin, ciniki ya koma Da Nang, garin ya talauce, kuma talaucin nan ne ya hana a rushe tsofaffin gidaje a gina na zamani. A shekarun 1980 wani masanin gine-gine ɗan ƙasar Foland, Kazimierz Kwiatkowski, wanda ke aikin gyaran haikalan My Son, ya ja hankalin hukuma kan darajar garin. Daga baya masana daga Jami'ar Mata ta Showa da ke Japan suka shigo aikin auna gidaje da gyara su. A Disamba 1999 UNESCO, hukumar ilimi da kimiyya da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta sa garin cikin jerin wuraren tarihi na duniya. Tsakiyar da ake karewa hekta 30 ce kacal, ɗauke da gine-ginen katako 1,107, kuma mafi yawansu gidajen mutane ne, ba na gwamnati ba. Wannan batu na ƙarshe shi ne ya tsara komai.

Sai ka san gidan kafin ka gane tsadar riƙe shi. Siriri ne ta fuska, dogo ta ciki, wani ma yakan tashi daga wannan titi ya ɓulle a na baya. Gaba shago ne, tsakiya fili ne buɗaɗɗe da ke shigo da haske da iska, sai ɗakunan kwana da wurin tunawa da kakanni, baya kuma ma'ajiyar kaya ta fuskar kogi. Nauyin ginin yana kan ginshiƙan katako, kowanne an ɗora shi kan dutse don kada gindinsa ya sha danshin ƙasa. Rufin na tayil ɗin yumɓu ne masu lanƙwasa, layi ɗaya a rigingine layi ɗaya a kife, ruwa na gangarowa ta layin da ke rigingine. Rufi ne mai nauyi ƙwarai, don haka da zarar azara ɗaya ta ruɓe sai ka ga ya lotsa.

Abokan gaban wannan gida uku ne: ambaliya, danshi, gara. Kusan kowace shekara, a watannin Oktoba da Nuwamba, kogin yakan shigo gari. A gidan Tan Ky, ɗaya daga cikin tsofaffin gidajen, an yi alamomi a bango na inda ruwa ya kai a shekaru daban-daban, na 1964 yana can sama. Magina na da sun san da haka, shi ya sa suka bar ƙofa a daɓen bene da igiya da abin ja, don a janye kujeru da kayan shago sama cikin ɗan lokaci. Bayan ruwa ya janye sai a kwashe laka da gaggawa, a buɗe ƙofofi katako ya bushe a hankali. Gara kuwa tana cin ginshiƙi daga ciki, waje yana nan sumul. Mai kwana a gidan ne ke lura da ɗan garin katako a gindin ginshiƙi, ko ya ƙwanƙwasa ya ji ya yi ƙarar abin da ba komai a cikinsa.

To, ina kuɗin gyara ke fitowa? Tun tsakiyar shekarun 1990 garin ya kafa tikiti ɗaya na shiga tsohuwar unguwa. Baƙon waje yana biyan dong 120,000, kusan dala 5, ɗan ƙasa kuma 80,000. Tikitin baƙon waje yana ba shi damar shiga wurare 5 da ya zaɓa cikin gidajen tarihi, majalisun 'yan kasuwar Sin na da, haikalai da tsofaffin gidaje. Hikimar tana nan: wasu daga cikin wuraren gidajen iyalai ne da har yanzu ke zaune a ciki, irin su Tan Ky da Phung Hung da Quan Thang. Baƙo ya shiga, a yanki ɓangaren tikitinsa, iyalin su tara, hukuma ta biya su gwargwadon abin da suka tara. Mai gida ya san adadin baƙinsa, ya san abin da zai karɓa. Babban kaso na ragowar kuɗin yana komawa gyaran gine-gine da shirya bukukuwa da biyan ma'aikata.

An kuma kasa gidajen gida biyar, daga na musamman zuwa mataki na huɗu, bisa yawan abin da ya rage na ainihin ginin. Ba mai taɓa rufi ko bango sai da izinin hukuma. Idan gyara ya zama dole, hukuma tana ɗaukar tsakanin kashi 40 zuwa 75 cikin ɗari na kuɗin, kuma gidan da ke cikin lungu yana samun kaso mafi girma fiye da wanda ke bakin babban titi. A ganina wannan ita ce doka mafi adalci a duk tsarin. Mai gida a titin Tran Phu yana iya ba da hayar gaban gidansa ya sami kuɗi mai kauri. Na cikin lungu dokar hana gini ɗaya ce a kansa, amma babu mai wucewa ta ƙofarsa ya sayi ko da kofin shayi. Kafin damina kuma jami'ai sukan zaga su tantance gidajen da suka raunana, a tokare su da itatuwa, wani lokaci a kwashe mazauna kafin guguwa.

Ga inda abin ke cijewa. Na farko, ragowar kason da ke kan mai gida yakan fi ƙarfin tsohuwar da ba ta da shago. Na biyu, da yawa gidajen gado ne, magada sun watse, wasu a birnin Ho Chi Minh wasu a ƙasashen waje, kuma ba a fara aiki sai kowa ya sa hannu. Rufi yana yoyo shekara da shekaru ana jiran amsar ɗan baffa. Na uku, kayan aiki. Katako mai ƙarfi irin wanda aka yi ginin da shi ya yi tsada tun da gwamnati ta rufe saran itace a dazuzzukan asali, kuma tayil na gargajiya mai kyau ya yi wuya. Idan aka yi gaggawa aka sa ɗanyen katako, zai tsuke ya bar gaɓoɓi a sake. Idan magini ya yi yaɓe da siminti maimakon farar ƙasa, bangon ya daina fitar da danshi, ruwan ya maƙale a ciki ya hau katakon da ke jingine da shi. Shekaru kaɗan sai gyaran ya zama sanadin ruɓewa. Ƙa'idar aiki mai kyau ita ce a sa wa kowane katako lamba kafin a kwance shi, a yanke wurin da ya ruɓe kawai a dasa sabo, a mayar da tsohon inda yake. Wannan yana cin lokaci, kuma sai kafintan da ya iya haɗa katako da katako ba tare da dogaro da ƙusa ba. Irinsu suna ƙauyen Kim Bong, hayin kogi, inda kakanninsu suka sassaƙa waɗannan gidajen tun farko.

An ga irin wannan muhawara a fili kan Chua Cau, gadar nan mai rufi da ake kira gadar Japan, wadda hotonta ke kan takardar dong 20,000. An kwance ta an gyara daga Disamba 2022 zuwa Agusta 2024, a kan kuɗi kimanin dong biliyan 20. Da aka buɗe, jama'a da yawa suka ce ta yi sabuwa fil, tsufanta ya ɓace. Na fahimci damuwarsu, amma launin farar ƙasa a wannan yanayi mai laima yana dushewa cikin damina kaɗan. Abin da ya fi cancanta a tambaya shi ne yawan tsohon katakon da aka mayar, da ko ginshiƙan ƙasa za su jure ambaliya mai zuwa. Abin yabo a aikin shi ne an bar mutane suna kallon yadda ake yinsa, ba a rufe shi ruf ba.

Babbar matsalar Hoi An kuwa nasararta ce ta haifar da ita. Gari mai mutane kimanin 100,000 ya karɓi baƙi fiye da miliyan 5 a 2019. Kuɗin haya ya tashi, iyalai da yawa suka sayar ko suka ba da haya ga 'yan kasuwa daga wasu birane, suka koma bayan gari. Gidan ya zama shagon ɗinki ko gidan abinci daga ƙofar gaba zuwa ta baya, aka cire katangun ciki, aka rufe filin tsakiya don ƙarin wurin kaya. Da dare a ja ƙofa a kulle, ba mai kwana. Babu wanda zai ji ƙarar ginshiƙi, babu wanda zai ja kaya sama idan ruwa ya zo da tsakar dare, ga tulin yadi da wayoyin lantarki a cikin ginin katako, wanda hatsarin gobara ne babba. Tallafin gyara yana kare rufi da bango, amma babu wani sashe nasa da ke biyan mutum don ya ci gaba da zama. A ganina wannan shi ne giɓi mafi girma a tsarin, kuma kuɗin tikiti kaɗai ba zai cike shi ba, tunda haya ta fi tallafi nesa ba kusa ba. Shi kansa tikitin ba kowa ke saya ba, don unguwa ce mai lunguna da yawa ba mai ƙofa ɗaya ba. A 2023 da hukuma ta ce za ta tsananta karɓa, an yi ta ce-ce-ku-ce kan ko za a killace gari da mutanensa kamar gidan kallo.

Abin da ya rage zafin wannan shi ne tura baƙi zuwa ƙauyukan kewaye. A Tra Que manoman ganye suna takin ƙasa da ciyawar ruwa, baƙo ya biya ya yi noma ya ci abinci a gidan manomi. A Thanh Ha masu ginin tukwane ne. Daren fitilu, wanda aka fara a 1998 a daren 14 ga kowane watan gargajiya, ya rayar da sana'ar yin fitilun gora da siliki, kuma wasan waƙa na bai choi, wanda UNESCO ta amince da shi a 2017, ya sami masu saurare da masu koyo. Amma a Cam Thanh, inda ake yawo da baƙi a kwale-kwalen kwando cikin dajin kwakwar ruwa, gasar neman fasinja ta kawo lasifika da hayaniya har hukuma ta riƙa tsawatarwa. Samun kuɗin mutanen gari ba ya nufin wurin ya tsira, idan babu dokar da su kansu suka yarda da ita suke kuma tsare ta.

Misalin irin wannan doka yana tsibiran Cu Lao Cham, tsibirai 8 da ke gaban gaɓar Hoi An, waɗanda UNESCO ta amince da su a 2009 a matsayin yankin kare halittu. A 2009 ɗin aka fara hana ledar cefane a tsibirin, mata suka koma kwando da ganye da takarda. An kuma ƙayyade baƙi kada su wuce 3,000 a rana. Amma abin da ya fi koyarwa shi ne batun wata kaguwar tudu da ke zaune a cikin duwatsun dajin, wadda baƙi suka so cinta har ta kusa ƙarewa. An taɓa hana kamun ta gaba ɗaya, sai aka koma kamawa a ɓoye. Daga nan aka sake dabara: aka kafa ƙungiyar masu kamun, su kaɗai ke da izini. Ana kamawa daga Maris zuwa ƙarshen Yuli kawai, ba a taɓa mai ƙwai, ba a ɗaukar wadda faɗin bayanta bai kai santimita 7 ba, kuma akwai iyakar adadi na shekara. Kowace kaguwa sai an kawo ta an auna an liƙa mata lamba a baya kafin a sayar. Wadda aka samu a gidan abinci babu lamba, a ƙwace a mayar da ita daji. Da yake kaguwa mai lamba tana da tsada, ɗan ƙungiya yana samun abin kirki da kamu kaɗan, kuma shi ne zai fara kai ƙarar mai kamun ɓoye, don daga aljihunsa ake sata. Babu ma'aikacin gwamnati da zai iya gadin dutse da dare yadda waɗannan mutane ke yi.

Yanzu ga ɗaya fuskar. Duong Lam ƙauye ne a yankin Son Tay, yamma da Hanoi, mai gidajen marmara da suka yi ɗaruruwan shekaru. A 2005 ya zama tsohon ƙauye na farko da aka ayyana abin tarihi na ƙasa. Doka ta hana ɗora bene da sauya fasalin gida a tsakiyar ƙauyen, aka kafa wurin sayar da tikiti a ƙofa. Amma gidajen da aka tantance a matsayin tsofaffi na gaske kaɗan ne, su ne ke samun ɗan tallafi da baƙi. Sauran ɗaruruwan gidaje na talakawa ne kawai, dokar ta hau kansu ba tare da ko sisi ba. Yara suka girma suka yi aure, iyali uku a ƙuntataccen gida, ba a ba su fili a waje ba, wanda ya yi ƙarfin hali ya gina bene aka rushe. A 2013 gomman mazauna suka sa hannu a takarda suna neman a janye matsayin. Sai bayan haka aka ɗauki maganar ware filayen da za a rage cunkoso da muhimmanci, aka fitar da samfurin gidajen da za a iya ginawa, aka ƙarfafa sana'o'i irin su miyar waken suya ta gargajiya da alewa da abincin baƙi. Duk wannan ya kamata a shirya shi kafin ranar da dokar hana gini ta fara aiki. Kuskuren Duong Lam na jeri ne: an sa hani a gaba, an bar diyya da shawara a baya.

A mashigin Ha Long an bi wata hanya dabam. A 2014 aka kwashe ɗaruruwan iyalan masunta daga ƙauyukansu na kan ruwa zuwa tudu, saboda tsabtar ruwa da karatun yara da tsaron rai lokacin guguwa. Dalilan na gaske ne, amma rayuwar kan ruwan da baƙi ke zuwa gani ta zama gidajen nuni, wasu daga cikin masuntan suna dawowa da safe su tuƙa baƙi a kwale-kwale su koma da yamma.

Wuraren da ba gari ba sun fi sauƙin tsarawa. Kogon Son Doong da ke gandun Phong Nha-Ke Bang, wani mutumin yankin mai suna Ho Khanh ne ya ci karo da bakinsa a farkon shekarun 1990, tawagar masana daga Birtaniya ta auna shi a 2009. Ana barin baƙi kimanin 1,000 ne kawai a shekara, daga Janairu zuwa Agusta, kowa yana biyan kusan dala 3,000, a rukunin mutum 10 tare da ma'aikata kusan 30: 'yan dako, masu dafa abinci, masu kula da igiya, jami'an gandu. Da yawa cikin 'yan dakon a da saran itace da farauta suke yi a wannan dajin. Duk shara, har da bahaya, ana fitowa da ita. Da aka kawo shawarar kafa motar igiya, wato mai ɗaukar mutane a rataye da waya ta sama, zuwa kogon a 2014, matasan ƙasar da masana suka yi ca, ba a gina ba. A Trang An kuwa, wani yankin duwatsu da ruwa a arewacin ƙasar wanda ya shiga jerin UNESCO a 2014, ana ratsa ruwan da ke bi ta cikin kogon duwatsun da kwale-kwalen hannu ba inji, matuƙan mafi yawansu mata manoma ne na yankin da ke bin layi, kowa da ranarsa. Amma a 2018 aka gano wani kamfani ya gina doguwar matattakalar kankare a kan dutsen Cai Ha, cikin tsakiyar da ake karewa, ba da izini ba, sai da aka tilasta rushewa. Aiki irin wannan ba a dare ɗaya ake yinsa ba, wanda ke nuna sa ido na hukumar wurin ya yi rauni.

Abin da mai bin wannan batu zai sa wa ido yanzu shi ne sauyin mulki. Majalisar ƙasa ta zartar da sabuwar dokar kayan tarihi a Nuwamba 2024, wadda ta maye gurbin ta 2001, ta fara aiki 1 ga Yuli 2025. A wannan ranar ce aka haɗe lardin Quang Nam, inda Hoi An take, da birnin Da Nang, aka soke matakin gundumomi a duk ƙasar, Hoi An ta daina zama birni mai hukumarsa, aka raba ta unguwanni uku da ƙaramar hukumar tsibiran Cu Lao Cham. Tsarin da na bayyana a sama ya yi aiki ne saboda hukuma ɗaya, wadda ke zaune a cikin garin, ita ke sayar da tikiti, ita ke ba da izinin gyara, ita ke biyan tallafi, kuma mai gidan da rufinsa ke yoyo yana iya takawa da ƙafa ya same ta. Ko kuɗin tikitin zai ci gaba da komawa waɗannan hekta 30, da kason lungu a sama da na bakin titi, ya dogara ne da yadda Da Nang za ta tsara asusun da kuma wanda za ta bar wa ikon sa hannu a kan takardar izini.